Filin Tambaya da Amsa: "Ɗana ya kama shiga ƙarƙashin teku a Amurka, na kasa barci"

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk na ruwa ne, shi ya sa na haɗa su wuri guda tunda amsar wani tana shiga cikin ta wani. Na Hajiya daga Agege zan fara da shi kuma a kansa zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min da bayani. Ɗana na biyu yana karatu a Siyatil ta Amurka, kwanaki ya turo bidiyo a WhatsApp ɗinmu na gida wai shi ne a ƙarƙashin ruwa, sanye da wasu baƙaƙen kaya da tukunyar gas a bayansa, ga wata halitta ja mai hannuwa barkatai tana miƙo masa hannu ɗaya, wallahi tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Yaron nan a Agege aka haife shi, ko Bar Beach ban taɓa bari ya je ba. Babansa ya ce in kira shi in ce ya bari ko a daina tura masa kuɗi. Ni dai so nake in sani, abin nan da ya taɓa shi ba ya cin mutum? Kuma iskar da ke bayansa in ta ƙare fa?
Daga wata uwa, Agege

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali ya tsare mana shi. Tsoronki yana kan hanya, uwa ce ke, amma ina so in ɗauke shi daga kan dabbar nan in mayar da shi inda ya dace, don in kin san ainihin inda haɗarin yake to tambayoyin da za ki yi masa a waya za su fi amfani nesa ba kusa ba a kan "ka bari ko mu yi fushi".

Wurin da yake shiga sunansa Puget Sound, wani ɓangare ne na Tekun Salish. Ruwan Fasifik ne ya kutso cikin ƙasa ta wani mashigi tsakanin jihar Washinton da Kanada ya bazu tsakanin duwatsu da tsibirai, Siyatil na bakinsa ta kudu, Bankuba ta arewa. Sunan Salish ɗin ma a 2009 Amurka ta amince da shi a hukumance, Kanada ta biyo a 2010, don girmama ƙabilun asali da suka daɗe suna su a wurin. Saboda ƙasa ta kewaye shi babu irin manyan igiyoyin nan masu dukan gaɓa da muke gani a Lekki ko Alpha Beach, mutum zai faka mota a bakin titi ya sa kaya ya taka ya shiga da ƙafarsa. Arewa da Siyatil akwai garin Edmonds, tun 1970 suka keɓe wani fili a ƙarƙashin ruwa don masu nutso kawai, an hana kamun kifi a ciki, an shimfiɗa igiyoyi a ƙasa da mutum zai bi kada ya ɓace. Yawancin sababbin shiga a irin wuraren nan suke koyo.

Halittar da kika gani oktofus ce, kuma ta can ita ce nau'in da ya fi kowanne girma a duniya. Hannu takwas gare ta, babba takan yi kilo 15 zuwa sama, wasu sun haura 40, in ta baje hannuwanta sukan kai mita 4. Ba ta da ƙashi ko ɗaya sai wani baki mai tauri a ƙarƙashinta da take fasa kaguwa da shi, duk ramin da bakin nan ya shige to jikinta ma zai shige. Zuciya uku gare ta, jininta shuɗi ne saboda sinadarin tagulla ne ke ɗaukar mata oksijin a jini, namu kuwa na ƙarfe ne. Tana sauya launi cikin ƙiftawar ido, daga ja ta koma fari-fari ko ta saje da dutse. Abincinta kaguwa da ƙumba da ƙananan kifi, mutum ba ya cikin lissafinta sam. Miƙo hannun da kika gani ɗanɗanawa take yi, don 'yan faya-fayan da ke jere a hannuwanta da su take taɓawa da su take jin ɗanɗano, tana son ta san wane ne wannan ya zo ƙofar raminta. Tana iya cizo in an takura mata kuma tana da ƙarfin da za ta janye wa mutum tabarau daga fuska, shi ya sa malaman nutso ke cewa kalla da ido, kada ka kai hannu rami.

Abin da ya fi taɓa min zuciya game da ita Hajiya, kuma na san ke za ki fi ni fahimta, shi ne yadda take haihuwa. Duka rayuwarta shekara 3 zuwa 5 ce. Sau ɗaya take yin ƙwai, dubun-dubatai, ta rataye su a rufin raminta ta zauna tana hura musu ruwa tana share su wata shida ko fiye, ba ta fita neman abinci, tana ramewa tana yin fari, suna ƙyanƙyashewa ita kuma ta mutu. Masu nutso na can sukan riƙa zagayawa ramin uwa ɗaya wata da watanni suna duba ta. Subhanallah.

Sauran abubuwan da zai haɗu da su ma ba sa cin mutum. Akwai wani dogon kifi mai fuskar tsoho da manyan haƙora, yakan haura mita 2, ganinsa da ban tsoro amma kaguwa da bushiyar teku yake ci, galibi mace da namiji rami ɗaya suke zama. Akwai oka, manyan dabbobin nan baƙi da fari, waɗanda suke zaune a yankin kudu na tekun ba su kai 80 ba yanzu, kifin samon suke ci kuma tun 2005 Amurka ta sa su cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma ba a taɓa samun tabbacin oka ta kashe mutum a cikin teku ba.

To ina haɗarin yake? Yana cikin iskar da ke ƙirjinsa, da sanyi, da gudun ruwa.

Tukunyar bayansa ba oksijin ɗin asibiti ba ce, iskar nan ce da muke shaƙa, an tace ta an danna ta cikin silinda da ƙarfi, wajen ninki 200 na matsin iskar waje. Akwai geji a jikinta da yake nuna abin da ya rage, ana koya wa mutum ya riƙa dubawa kuma ya fara dawowa tun da saura, sannan kowa yana da bakin shaƙa na biyu wanda zai miƙa wa abokinsa in tasa ta sami matsala. Shi ya sa doka ta farko ba a nutso mutum ɗaya. Wannan tsarin na shaƙa tun 1943 Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙirƙiro shi a Faransa, an daɗe ana gyara shi, kayan ba su cika ba da matsala ba in ana musu sabis.

Matsalar ita ce ruwa yana da nauyi. Duk mita 10 da ka sauka matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, wato a mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. In mutum ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso sama, iskar za ta kumbura ta ninka biyu a cikinsa ta yaga huhu, don haka ake cusa wa ɗalibi tun ranar farko cewa kada ya taɓa riƙe numfashi. Na biyu kuma, kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, a ƙarƙashin matsi yana narkewa ya shiga jini da nama. Kin san kwalbar lemo in an buɗe ta a hankali gas ɗin yana fita salin-alin, in aka fizge murfin kuwa sai kumfa ta taso, to haka jinin mai nutso yake in ya taso a guje, kumfar ta tsaya a gaɓoɓi ko a laka ko a ƙwaƙwalwa, ciwo mai tsanani, wani har shanyewar jiki. Rigakafinsa tasowa a hankali, a tsaya a mita 5 na minti 3, kada a wuce lokacin da agogon nutso ya ba da, kuma kada a hau jirgin sama sai bayan awa 12 aƙalla, in an yi nutso da yawa awa 18. Ki riƙe wannan na ƙarshe don ranar da zai taho gida hutu.

Sanyi kuma, ruwanmu na Legas yawanci digiri 27 ne zuwa 29, nasu tsakanin 7 da 13 yake yawo duk shekara, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki ninki 20 ko fiye a kan iska. Baƙaƙen kayan da kika gani riga ce da ruwa ba ya shiga, a ciki yana sanye da kayan ɗumi, kuma ita kanta sai an yi mata horo daban don ana hura mata iska ana ragewa. Sai gudun ruwa. Tekunmu a nan cikowarsa da janyewarsa wajen mita 1 ne, can yakan kai mita 3 zuwa 4, duk ruwan nan kuma ta ƙananan mashigai yake bi, a wuri irin Deception Pass gudunsa yakan haura kilomita 12 a awa, babu gwanin da zai iya ja da shi. Akwai jadawalin da ke nuna lokacin da ruwan ke lafawa, da shi ake tsara shiga.

Don haka ga abin da za ki tambaye shi, ki sa babansa ya zauna kusa ya ji. Ya yi kwas ya karɓi satifiket ko abokai ne kawai suka ja shi? Mita nawa yake sauka, don mai satifiket na farko iyakarsa mita 18 ne. Da wa yake shiga? An koya masa rigar? Likita ya duba shi, musamman in yana da asma ko ciwon kunne ko akwai sikila a gidanku? In ya amsa waɗannan tiryan-tiryan ba kame-kame, ra'ayina a bar shi a bi shi da addu'a. Yaron da aka yanke wa kuɗi zai ci gaba ne a ɓoye da kayan aro masu araha, wannan kuwa shi ne abin da nake tsoro.

TAMBAYA: Malam ni ƙanin wanda Hajiyarmu ta rubuto maka a kansa ne, nima na ga bidiyon. Abin da ya ɗaure min kai ruwan kore ne shar ga duhu sai da tocila, alhali a talabijin shuɗi muke gani garau. Ko nasu ma datti ne irin na lagun ɗinmu?
Daga wani ɗalibi, Agege

AMSA: Ƙanina tambayarka ta yi min daɗi. Shuɗin ruwan da kake gani a talabijin na wurare masu zafi ne irin Bahar Maliya, kuma yana yin garau ne saboda babu abinci sosai a cikinsa. Koren da ka gani rai ne, ƙananan tsirrai ne da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, biliyoyi, suna yawo a ruwan. Ruwan sanyi daga zurfin Fasifik yana shigowa da taki, koguna suna gangaro da nasu daga duwatsu, gudun ruwan nan da na faɗa yana gauraya su, rana ta fito a bazara sai su yi ta hayayyafa har mai nutso ya kasa ganin abin da ya wuce mita 2 ko 3. Ƙananan halittu su ci tsirran, kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami har a kai kan oka. Shi ya sa ƙwararrun can suka fi son shiga da hunturu, lokacin da rana ta yi ƙasa tsirran suka ragu ruwan ya washe.

Kuma in yayanka ya haska tocila za ka ga ashe launi ne cike da wurin, ruwa ne ke haɗiye ja tun daga 'yan mitocin farko. Jikin duwatsu da turakun gada duk a rufe suke da wasu fararen halittu masu kama da fure, wasu tsayinsu ya kusa mita 1, dabbobi ne masu kama abinci da gashinsu. Akwai ciyawar teku mai suna kelf da ke tasowa daga ƙasa har saman ruwa, mita 10 zuwa 20 cikin shekara guda, ƙananan kifi a cikinta suke ɓuya. Akwai jajayen kifin dutse da wasunsu ke haura shekara 100 a raye, ka ga irin wannan in aka kwashe su da kamu ba sa dawowa da wuri. Har tarkace ma sun mayar gida, gadar Tacoma da iska ta karya a 1940 ɓaraguzanta suna ƙasa cike da kifi da oktofus, a ɓangaren Kanada kuma da gangan suka nutsar da tsohon jirgin yaƙi kusa da Nanaimo a 1997 bayan sun wanke shi tas.

Ba wai ba su da tasu damuwar ba. Daga 2013 wata cuta ta faɗa wa taurarin teku, halittun nan masu yatsu a baje, jikinsu ya riƙa narkewa, babban cikinsu mai hannu wajen 20 ya ragu da sama da kashi 90 cikin 100. Shi ne yake cin bushiyar teku, da ya ɓace sai bushiyar ta yi yawa ta cinye dazukan kelf a wurare da dama na gaɓar, musamman arewacin Kalifoniya.

Namu lagun ɗin kuwa launin ƙasa-ƙasan da kake gani in kana kan gadar Third Mainland wani ɓangare laka ce da koguna irin Ogun ke kawowa, wannan halitta ce, amma ledoji da ruwan kwata da dattin masana'antu mu muka zuba. Abin yana min ciwo don ruwan nan yana da kaguwa da jatan lande da tarwada da ƙarfasa, har ayu yana rayuwa a rafukan da ke kewayensa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni mutumin Yawuri ne, gidanmu Sarkawa ne, tun ina yaro nake nutso a Neja kuma ina daɗewa a ƙasa fiye da sa'o'ina. Yanzu gadi nake yi a Apapa, ina ganin masu shiga ƙarƙashin jirage suna gyara ana ce suna samun kuɗi sosai. Wani abokina ya ce ba sai na yi makaranta ba, za mu sayi tsohuwar silinda a cika mana wajen mai faci, ko a jona min mesa da kwampireso daga cikin kwalekwale. Me ka gani?
Daga wani maigadi, Apapa

AMSA: Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka yi. Na san gadonku, duk wanda ya taɓa ganin Sarkawa a ruwa ko ya ga gasar nutso a bikin Argungu ba zai raina ku ba, kuma rashin tsoron ruwa da kake da shi babban jari ne. Amma nutson da ka gada da wannan hanyarsu daban ce, har ma ɗabi'ar da ta tsare ka a Neja ita ce za ta cuce ka a nan. Kai ka saba ka ja numfashi a sama ka riƙe ka sauka ka taso da sauri, ba komai don iskar da ka tafi da ita ita ka dawo da ita. Ran da ka shaƙi iska a ƙasa daga silinda ko mesa lissafi ya juye, riƙe numfashi da saurin tasowa su ne abu biyun da ke kashewa, ka koma ka karanta amsar da na ba Hajiya a sama.

Injin mai faci kuma an yi shi ne don taya. Iskarsa tana fita da tururin mai, in kuma bakin zuƙarsa na kusa da salansa to yana haɗawa da gubar nan ta hayaƙi, ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a ɗaki in an kwana da janareta, ba ta da wari ba ta da launi, a ƙarƙashin matsi kuma abin da kake shaƙa daga cikinta ninkuwa yake, mutum zai sume ne kawai a ƙasa. Tsohuwar silinda da ba a gwada ba, mai tsatsa a ciki, tana iya fashewa wajen cikawa. Ga ruwan Apapa da ba ka ganin tafin hannunka, ga farfela, ga bututun da jirgi ke zuƙar ruwa da shi wanda in ya kama mutum ba ya saki.

Bari in ba ka labarin da ya faru a ruwanmu. A ranar 26 ga Mayun 2013 wani jirgin jan jirage mai suna Jascon 4 ya kife a teku daura da Escravos ta jihar Delta ya sauka ƙasa mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya sami wani lungu da iska ta maƙale ya zauna a ciki cikin duhu wajen awa 60, har masu nutson da aka turo ɗauko gawarwaki suka ji hannu ya kama su. Abin lura a nan, da suka same shi ba su fito da shi sama kai tsaye ba duk da halin da yake ciki, don jikinsa ya gama shan naitirojin, da sun yi haka da ya mutu a hannunsu. Sai suka sa masa kayan shaƙa suka kai shi cikin wata ƙararrawar ƙarfe, wato ƙaramin ɗakin da ake sauke masu nutso a cikinsa, daga nan zuwa ɗakin matsi inda ya ƙara kwana biyu da wani abu ana rage matsin kaɗan-kaɗan. Shi kaɗai ya tsira a jirgin, daga baya kuma ya je ya yi karatun abin ya zama mai nutso na sana'a. Iya ruwa fidda kai, kuma a wannan aikin ilimin matsi shi ne iyawar.

In da gaske kake, hanyar tana nan. Ka fara da gwajin lafiya, huhu da zuciya da kunne, ka san jinotayif ɗinka don mai sikila ba a yarda ya yi nutson silinda ba, haka mai farfaɗiya. Ka sani satifiket na masu yawon buɗe ido ba shi ne na aiki ba, na sana'a kwas ne na watanni, ana koyon walda da yanka a ruwa da aiki da hular ƙarfe mai waya wadda wani ke sama yana magana da kai. Yana da tsada, ba zan ɓoye maka ba. Da yawa sukan fara ne da aikin riƙe wa mai nutso igiya da mesa a sama, suna koyo suna tara kuɗin makaranta. Duk kamfanin da zai ɗauke ka ka tambaye su ina ɗakin matsin da za su kai ka in abu ya faru, in suka fara inda-inda ka kama gabanka. Kuma in kana da ƙanne cikin masu nutson ɗebo yashi da bokiti a lagun, ka gaya musu kada su riƙa jan numfashi da sauri-sauri kafin su sauka, yana kashe jin buƙatar iska sai mutum ya sume bai sani ba.

TAMBAYA: Malam ina zuwa Turkiyya saro kaya, wani abokin cinikina ɗan Trabzon ya ce min tekunsu ƙasansa guba ce babu abin da ke rayuwa. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle?
Daga wani ɗan kasuwa, Idi-Araba

AMSA: Alhaji gaskiya ya gaya maka. Bahar Aswad ke nan, shi ma teku ne da ƙasa ta kewaye, ƙofarsa zuwa babban teku ɗaya ce, mashigin Bosforus da ya raba Istanbul biyu. Manyan koguna irin Danub suna zuba masa ruwan daɗi wanda ke zama a sama, gishirinsa rabin na babban teku ne, ruwan Bahar Rum mai gishiri da nauyi kuma yana shigowa ta ƙasa ya kwanta, ba sa gaurayuwa, don haka oksijin ba ya sauka. Daga mita 150 zuwa 200 har ƙasa, kuma zurfinsa ya haura mita 2,000, babu oksijin sai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan ke nan, ƙwayoyin bakteriya ne kawai ke iya zama. Saman kuwa lafiya lau, akwai dolfin, akwai ɗan ƙaramin kifin nan hamsi da mutanen Trabzon ke ji da shi, in ka je da hunturu ka ce ya soya maka. Mai nutson shaƙatawa ba ya wuce mita 40 don haka bai kusanci gubar ba.

Rashin oksijin ɗin ya yi wani amfani, tsutsar da ke cin katako ba ta rayuwa a can. A 2018 masu bincike suka sanar da gano jirgin 'yan kasuwar Girka daura da gaɓar Bulgeriya, a zurfin wajen kilomita 2, shekararsa kimanin 2,400 amma turken filafilansa da bencin matuƙa suna nan. Da na'ura mai kyamara aka gan shi.

TAMBAYA: Ita dabbar mai hannu takwas ana ci? Halal ce?
Daga wata mai abinci, Mile 12

AMSA: Ana ci Hajiya, a Japan da Koriya da ƙasashen bakin Bahar Rum abinci ne sananne, Sanagal da Muritaniya ma suna kamawa suna fitarwa waje. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi dabbobin teku halal ne, hujjarsu ayar Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Hanafiyya kifi kawai suka yarda da shi, in kina son ƙarin bayani ki tuntuɓi malamin unguwarku. Sai dai ga ɗan Hajiyar Agege, tun 2013 an hana kama oktofus a sanannun wuraren nutso na Puget Sound, sauran wuraren ma sai da lasisi. Kuma kada ya tsinci ƙumba a bakin ruwa ya dafa sai ya duba sanarwar hukumar lafiya ta jihar, don akwai lokutan da wasu cikin ƙananan tsirran nan ke sa musu dafi mai shanye jiki, dafuwa kuma ba ta kashe shi.